Tsakanin «ke» da «kai»

A wata tashar mota ta Maraɗi na ji wani ɗan daudu mai sayar da abinci ya ce wa abokinsa, namiji kamarsa: «Ke, ina kika shiga tun safe?» Na yi dariya na wuce.

Sai a jami'a, da na karanta littafin Rudolf Gaudio, Allah Made Us (2009), game da ƴan daudun Kano, na gane abin da dariyar ta ɓoye mini. Hausa tana rarrabe jinsi har a wakilin sunan wanda ake yi wa magana, abin da «tu» na Faransanci ba ya yi. Ƴan daudu kan kira juna da «ke» a tsakaninsu, su koma «kai» a gaban baƙo. Ashe nahawu ma yana iya zama mafaka.

Da na ce zan yi nazarin kammala karatu a kan wannan, wani aboki ya gargaɗe ni cewa sunana zai ɓaci. Na tsorata ƙwarai. Amma mai nazarin harshe ba alƙali ba ne. Aikinsa ya rubuta abin da aka faɗa, ya sakaya sunan wanda ya faɗa. Na koma tashar da littafin rubutu.