Daga Ɗakin Gwajin Fata a Challawa Zuwa Ajin Lauyoyi

Tun da aka ji na bar aikin kamfani na koma karatun lauya, tambaya ɗaya ce take ta zuwa mini, a gidan biki, a Islamiyya, har ta waya daga matan da ban taɓa gani ba: "Anti, 'yata kimiyya ta yi a sakandare, yanzu ta tubure ita lauya take so, akwai hanya?" Wata kuma kanta take tambayar wa. Ta yi difloma a fannin kwamfuta ko lantarki, ta yi aure, ta hayayyafa, amma abin yana nan a ranta. To akwai hanya, don ni ma ita na biyo, sai dai ƙofar tana wani wuri da yawancinmu ba ma dubawa.

Ni babbar difloma na yi a fannin aikin ɗakin gwaje-gwaje. Daga 2009 na kama aiki a wani kamfanin jimar fata a rukunin masana'antu na Challawa, can ƙaramar hukumar Kumbotso. Wadda ta taɓa bin hanyar Panshekara da yamma ta san warin wurin, ba sai an kwatanta mata ba. Majeman cikin birni da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni. Kamfani kuwa da gishirin kuromiyam yake yi, shi ne yake mayar da fatar akuya ko ta tunkiya shuɗiya-shuɗiya kafin a fitar da ita ƙasashen waje. Aikina shi ne in auna: yawan sinadarin da fata ta sha, tsamin ruwa, da abin da ya rage a ruwan da za a zubar. Wannan ruwan kuwa ba ɓacewa yake yi ba. Na Challawa kogin Challawa yake nufa, na Sharaɗa ya bi ta Salanta ya tarar da shi, na Bompai kuma ya bi Getsi ya faɗa Jakara. A gefen duk waɗannan akwai masu noman rani, akwai latas da kabeji da karas da suke ƙarewa a tukunyata da taki.

Abin da ya karkato da ni ga shari'a ƙaramin abu ne. Mijin wata 'yar uwarmu mai lambu ne a bakin kogi. Wata shekara shukarsu ta ƙone, shi da maƙwabtansa, suka haɗa kuɗi suka ɗauki lauya. Sun ɗebo ruwan a robar lemo, babu kwanan wata a jikinta, babu sunan wurin da aka ɗebo, babu wanda ya shaida, ta kuma kwana biyar a ɗaki kafin a kai ta gwaji. Lauyan mutumin kirki ne, ya san kotu, amma da aka miƙa masa takardar sakamako sai ya riƙa juya ta kamar an ba shi rubutun Sinanci. Bai san kuromiyam iri biyu ne ba, akwai wanda ake jima da shi, akwai kuma wanda ya fi shi guba nesa ba kusa ba, kuma takardar ba ta bambance su ba. Maganar ko gaban alƙali ba ta kai ba ta mutu. Ni na iya karanta takardar, amma ba ni da bakin magana a kotu. Shi yana da bakin, takardar ce ta gagare shi.

Kuma dokar tana nan. Tun bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko a 1988 gwamnati ta kafa dokar hana irin wannan. A 1992 aka yi ta tantance illar masana'antu ga muhalli kafin a gina su. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2009 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan masaƙu da kamfanonin fata da takalma. Dokar Shaida ta 2011 ma, a sashe na 68, ta ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre a fannin kimiyya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lauyan da zai iya yi wa wannan ƙwararren tambayar da za ta sa shi gumi.

Yanzu ga inda nake so uwargida ta buɗe kunne. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko, ko a wane fanni, sannan ya nemi makarantar lauya, ya rubuta musu tarihin kansa, su duba aikin da ya yi. Yaranmu suna karanta irin wannan a intanet su ɗauka haka abin yake a nan. A Najeriya lauya digirin farko ne, kuma takarda ake dubawa. Shekarun da na yi ina riƙe da kwalabar gwaji ba su ƙara mini maki ko ɗaya ba. Na je wata jami'a da babbar diflomata a hannu ina tambayar ko za a ɗauke ni kai tsaye zuwa aji biyu. Jami'in ko buɗe fayil ɗin bai yi ba ya ce, "Hajiya, kina da kiredit a Adabin Turanci?" Na ce kimiyya na yi. Ya turo mini fayil ɗina, ya kira na bayana.

Adabin Turanci, wato Litireca, shi ne mabuɗin. Ana son kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, dole a cikinsu akwai Turanci da Adabin Turanci, sauran kuma a fi samunsu daga irin su Gwamnati ko Tarihi da Ilimin Addinin Musulunci. Lissafi, inda aka nema, 'yar kimiyya tana da abinta tun tuni. Jami'ar Bayero digirinta haɗe yake, dokar ƙasa da shari'ar Musulunci tare, don haka tana son ganin Larabci ko darasin addini a takardar. Ta Ahmadu Bello, a harabarta ta Kongo a Zariya, ta raba su gida biyu, mutum ya zaɓa. Hatta mai digiri da za a ɗauka kai tsaye, ko wanda ya yi difloma a Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano da muke kira Legal, sai an waiwayi takardarsa ta sakandare. Sharuɗɗan nan suna ɗan canjawa daga jami'a zuwa jami'a, kuma daga shekara zuwa shekara, don haka kundin JAMB na shekarar shi ne alƙali, ba maganar mai shagon kwamfuta da ke cike wa yara fom ba. A duba musamman ko jami'ar tana karɓar haɗin jarrabawa biyu, ko zama ɗaya take so.

Ni dai a ƙarshen 2016 na zauna jarrabawar NECO ta 'yan waje, ina da 'ya'ya uku, ina zaune a benci ɗaya da sa'o'in ƙannena. Gwamnati da addini ba su wahalar da ni ba. Adabin ne ya sha ni ruwa, saboda hannun da ya saba da rahoton gwaji gajeren rubutu ya iya: an auna, an samu kaza, shi ke nan. Mai duba takardar Adabi kuwa so yake ki ɗauki matsaya, ki kawo hujja daga cikin littafin, ki ja ta har shafi biyu. Wata malamar sakandare a unguwarmu na samu, kowace Asabar in kai mata amsa biyu ta bi su da jan biro, ni kuma in koya wa ɗanta Kemistiri. Watanni takwas muka yi a haka. Amma akwai inda shekaru suka yi mini rana. A littattafan da aka sa mana akwai Othello na Shakespeare, labarin mijin da zuga da kishi suka sa ya hallaka matarsa, akwai kuma Lonely Days na Bayo Adebowale, kan halin da mace take shiga bayan rasuwar mijinta a wani ƙauyen Yarbawa. Yarinya 'yar shekara 16 haddace waɗannan take yi. Matar aure kuwa wa zai tsaya yi mata bayanin kishi, ko na dangin miji? Littattafan ana sauya su bayan 'yan shekaru, a tabbatar an sayi na zangon da ake ciki.

Daga nan sai JAMB, darussa huɗu, maki 400. A nan ne na ga amfanin tarbiyyar kimiyya, domin mun saba da jadawali da maimaita tsofaffin tambayoyi har su zauna. A 2017 makina bai kai ba. Na sake a 2018 na samu. Kada wata ta ga ta haye mafi ƙarancin makin da aka sanar a rediyo ta fara rabon goro. Majalisar Ilimin Shari'a ta ƙasa ce take yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban lauya da za ta ɗauka, masu nema kuma sun ninka guraben, shi ya sa makin lauya yake can sama kusa da na likita. Jami'o'in tarayya suna raba guraben kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. 'Yar Kano da ta sa jami'ar da ke kudu a zaɓin farko ta yar da kashi 35 ɗin nan da hannunta. Sannan a tabbatar an ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, don tun 2017 ta nan ake bayar da gurbi, wanda bai bi ta nan ba kuwa ba gurbi ba ne. Ni ban ajiye aikina ba sai da na ga sunana a wurin da idona.

A kuma yi hattara da gajeriyar hanya. Karatun lauya na yamma ko na ƙarshen mako Majalisar ba ta yarda da shi ba. Waɗanda suka yi a Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa shekaru suka kwashe suna fafutukar a bar su su shiga Makarantar Horas da Lauyoyi. A 2025 ma JAMB ta dakatar da ɗaukar ɗaliban lauya a wasu jami'o'i bayan Majalisar ta same su da saɓa ƙa'ida. Kafin maigida ya sayar da fili ya biya kuɗin jami'a mai zaman kanta, a bincika matsayinta a wurin Majalisar.

Da na shiga aji sai abin ya juya. Kayan da aka ƙi duba mini a bakin ƙofa su suka riƙa ɗaga ni a ciki. Ranar da muka fara rabon gado, aka zo inda kason magada yake fin asalin lissafin yawa, a ɗaga 24 ta koma 27, ko 12 ta koma 13, rabin ajin suka dafe kai. Ni kuwa kamar an dawo da ni gida. A darasin shaida, da aka zo sashe na 84 kan bayanan da aka ciro daga kwamfuta, wani ɗan ajinmu da ya yi difloma a kwamfuta shi ya riƙa yi wa sauran bita a gindin bishiya. Dokar muhalli kuwa ba na ma faɗa. Ba mu muka fara ba: Margaret Thatcher, wadda ta zama firaministar Birtaniya, Kemistiri ta karanta, ta yi aiki a ɗakin gwaji, ta ci jarrabawar lauya a 1953, shekarar da ta haifi tagwaye.

Sai dai ba zan ɓoye miki tsadar abin ba. Shekara biyar ne a takarda ga wadda ta shiga ta JAMB, huɗu ga wadda aka ɗauka kai tsaye. Nawa ya kai 2024, saboda korona da yajin aikin malaman jami'a na 2020, da kuma na 2022 da ya ɗauki wata takwas. Duk tsawon nan babu albashi. Adashin da nake zubi biyu ya koma ɗaya, daga baya na fita. Maigida ya amince tun farko, amma amincewar ranar farko daban, ta shekara ta huɗu daban, lokacin da kuɗin makarantar yara ya haɗu da nawa a wata guda. Wadda za ta shiga, su zauna da mijinta su yi lissafin shekara bakwai da biro da takarda, har da wa zai ɗauko yara daga makaranta ranar da lacca ta kai ƙarfe shida. Ina ganin wadda albashinta ne yake riƙe da gidan, gara ta jinkirta har a samu wata madafa. Ba kowace shekara ce ta tashi ba.

Shi ya sa nake cewa iyaye mata, sauƙin abin yana aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba yara kimiyya da adabi. Mu a Kano tun da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977 muka ɗauka duk yaro mai ƙoƙari can ya dace, adabi kuwa na waɗanda suka rage ne. Haka ake tura yarinya mai kaifin baki da son karance-karance ta je ta yi ta fama da Fizis don a ce 'yar wance likita za ta zama. Idan 'yarki tana kimiyya kuma kina jin tana yawan maganar kotu da haƙƙin mutane, ki je makarantar da kanki ki tambaya ko za a iya sa mata Adabin Turanci cikin darussan da za ta zana. In babu malami, ki nema mata a gida, ta zauna ta 'yan waje a shekarar da ta gama, tun kan tana da zafin karatu. Abin da ya ci mini shekara biyu da ɗawainiyar goyo, ita wata shida ya ishe ta.

Akwai masu tambayata batun sutura, don sun ji an ce sai an cire lulluɓi ranar rantsarwa. An yi wannan rigimar an gama. A Disambar 2017 aka hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, a Yulin 2018 aka rantsar da ita da abinta, kuma tun daga nan mata suke sa ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular lauya. Mace daga arewa a wannan aiki ba baƙuwa ba ce, Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014.

Abin da ya fi cancanta a yi wa shiri shi ne shekarar ƙarshe, ta Makarantar Horas da Lauyoyi. Hedikwatarta tana Bwari a Abuja, tana da rassa a wasu jihohi, namu na Kano yana Bagauda. Makarantar ce take tura ɗalibi inda ta ga dama, kuma karatun na zaman wuri ɗaya ne, daga safe har yamma, ana ƙirga halartar aji. Ni Allah ya taimake ni aka bar ni a Bagauda, surukata ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu ta riƙe mini yaran, ina zuwa ranar Juma'a da yamma in koma Lahadi bayan la'asar.