Gogen Zangon Kumasi

Kumasi babban birnin Asante ne, a ƙasar Gana. Tun zamanin fataucin goro Hausawa ke zuwa can daga Kano da Katsina da Gobir. Unguwar da suka zauna ita ake kira Zango. Har yau Hausa ake yi a cikinta.

A Zango akwai wani tsoho mai goge. Wurin ubansa ya koya, uban kuma wurin nasa uban. Yanzu hannunsa ya fara rawa. 'Ya'yansa duk sun kama kasuwanci a Kejetia, babu wanda ya gaje shi.

Wani yaro ɗan maƙwabta, mai shekara 9, yakan laɓe a bakin zaure yana saurare. Ran nan tsoho ya ji shi yana bin karin da baki, bai kauce ko sau ɗaya ba. Ya ce: "Shigo, jikana. Kana da kunne."

Amma bai miƙa masa goge ba. Wata 2 yaro na kiɗan ƙwarya kawai, har hannunsa ya san lokaci. Sannan tsoho ya nuna masa yadda ake haɗa goge. Ana rufe bakin ƙwarya da fatar guza, a soka sanda, a ɗaura tsagiya, wato gashin wutsiyar doki. Ɗan iccen da ke ɗauke da tsagiya sunansa jaki. Izgar da ake gogawa da ita kuwa, sai an shafa mata ƙaro. In babu ƙaro, sulɓi za ta yi, ba ta cewa komai.

Turawa ma suna da nasu gogen, mai tsirkiya 4, wanda ake kira violon da Faransanci. Namu tsirkiya ɗaya gare shi, kuma babu wata alama a jikin sanda. Kunne ne ke gaya wa yatsa inda zai taɓa.

Ranar da yaro ya fara gogawa, sai ka ce akuya aka taka. Matan gida suka yi ta dariya.

Da uban yaro ya ji labari, ransa ya ɓaci, don mutane da yawa na ganin goge kiɗan bori ne. Tsoho ya ɗauki sandarsa ya tafi da kansa. Ya ce: "Alhaji, a Yendi gaban sarkin Dagomba ake yin goge. Salisu Mahama ma da shi ya koyar a jami'ar Legon." Uban ya daɗe bai ce uffan ba. Daga baya ya yarda, muddin yaro ba zai fasa makarantar allo da ta boko ba.

Yanzu kowace Asabar da la'asar suna zaure. Tsoho yakan rufe ido. In yatsa ta kauce, sai ya buga sanda a ƙasa ya ce: "Sake."