Coci Biyu a Tolpuddle

Daga Dorchester, a kudancin Ingila, na shiga mota na nufi gabas zuwa Tolpuddle, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Ƙauye ne mai dogon titi guda, mutanensa 'yan ɗaruruwa, ga gidaje masu rufin ciyawa, ga shanu na kiwo a fadamar rafin Piddle. Sai ka yi ta tafiya ba ka gamu da wanda za ka yi wa sannu ba. Aikin da a da sai an tara majiya ƙarfi, yau tarakta ta ɗauke shi.

A tsakiyar gari na tsaya gindin wata tsohuwar bishiya, inda ake cewa 'yan ƙwadago kan taru bayan masu gonaki sun zaftare musu lada daga sule tara a mako zuwa bakwai. A 1833 suka kafa ƙungiya, kowa ya yi rantsuwa a asirce. Kafa ƙungiya ba laifi ba ne a lokacin, sai aka lalubo wata dokar 1797 da ta hana rantsuwar ɓoye. A 1834 kotu a Dorchester ta kori mutum shida zuwa Ostireliya na shekara bakwai. Ƙasa ta ɗauka, mutum wajen 800,000 suka sa hannu a takardar koke, aka yi musu afuwa a 1836.

Sai da na zaga wuraren ibada na gane inda talakan ƙauye ya samo bakin magana. Cocin St John, na Angilikan, ginin dutse ne mai hasumiya, kuma a zamanin can ɗariƙar masu ƙasa ke nan. Ɗan ɗakin ibadar 'yan Metodis na 1818 kuwa da ƙasa aka gina shi, kamar soron ƙauye. Biyar daga cikin shidan 'yan Metodis ne, jagoransu George Loveless ma mai wa'azi ne, duk da cewa ɗan ƙwadago ne kamar kowa. Wanda ya saba tashi gaban jama'a ran Lahadi, a ganina, ba zai ji nauyin tsayawa gaban mai gona ran Litinin ba.

Abin mamaki, James Hammett, wanda shi kaɗai ne ba Metodis ba, shi kaɗai ya dawo ya zauna a Tolpuddle. Ya makance, ya rasu a gidan gajiyayyu na Dorchester a 1891, na kuma ga kabarinsa a harabar St John. Sauran biyar Kanada suka yi ƙaura.

A bakin gari akwai gidaje shida da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadagon Birtaniya ta gina a 1934, da gidan tarihi a tsakiyarsu. Kowane Yuli dubban ma'aikata kan cika titin nan da tutoci da kiɗa, yawancinsu 'yan birni ne da ba su taɓa yin noma ba.