Awon Ƙarfin Jiki

Duk yaron da aka taɓa aika kasuwa ya san mudu. In gindin mudu ya lotsa, kullum hatsin da zai ɗauka ɗaya ne, ba ragi ba ƙari, amma mai saye ya cutu, gama ba cikakken mudu aka ba shi ba. In kuma aka auna zane da igiyar roba, yau a sami kamu goma, gobe goma sha ɗaya. Ashe abu biyu a ke nema ga ma'auni: ya auna ainihin abin da aka ce ya auna, kuma in an maimaita ya faɗi abin da ya faɗa da fari.

Aikina zagayen makarantu ne. Sau da yawa na kan tarar da malamai a filin wasa, suna gwada yara gudu da tsalle, suna rubutawa. Waɗannan abubuwa biyu su na ke fara bincikawa, domin abin da aka rubuta a kan yaro ya kan bi shi har aji na gaba.

A shekarar 1954 wani likita a Amurka mai suna Hans Kraus ya ba da labarin gwaji shida da aka yi wa yara. Cikin kowane ɗari na yaran Amurka, wajen 58 sun kāsa aƙalla gwaji ɗaya, na ƙasashen Turai kuwa wajen 9 kaɗai. Abin ya tayar da hankalin hukuma, har Shugaba Eisenhower ya kafa majalisar kula da ƙarfin jikin matasa a 1956. Mafi yawan waɗanda suka kāsa, wurin sunkuyo suka kāsa, watau yaro ya tsaya gwiwa a miƙe, ya taɓa ƙasa da yatsun hannu. Nufin gwajin a san laushin jijiyoyin baya da na cinya. Amma ku duba, yaro mai dogon hannu da gajeruwar ƙafa ya fi mai doguwar ƙafa samun sauƙi, ko da laushin jikinsu ɗaya ne. Gwajin ya haɗa har da ƙirar jiki ya auna. Lotsattsen mudu ke nan.

Akwai wani gwaji da Luc Léger na Jami'ar Montreal a Kanada ya fito da shi a 1982, ya kuma gyara shi domin yara a 1988. A kan ja layi biyu, tsakaninsu mita 20. Yara su yi ta kai da kawowa, ƙara tana ba su lokaci. A kan fara da saurin kilomita 8 da rabi a awa, kowane minti a ƙara rabin kilomita, har yaro ya kāsa isa layi kafin ƙarar. Masana ba su yarda da shi haka kawai ba. Sun gwama shi da na'urar da ke auna iskar da jiki ke amfani da ita sa'ad da mutum ke gudu, suka ga galibi wanda ya daɗe a fili shi ne na'ura ta nuna ya fi juriya. Suka kuma sake gwada yaran wata rana, sakamako ya zo kusa da na fari.

Duk da haka, ma'auni mai kyau ya kan lalace a hannun mai awo. Gudun safe daban ne da na tsakar rana a watan Afrilu. Gudu a rairayi daban ne da gudu a ƙasa mai tauri. Wanda ya karya kumallo ba ɗaya ya ke da wanda ya fito da yunwa ba. A wata makaranta na ga an rubuta wata yarinya cikin raunana, ashe ran nan ta tashi daga zazzaɓi. Da aka sake gwada ta bayan mako biyu, da sanyin safiya, ita ta zo ta uku a ajinsu. Da an tsaya ga awon fari, da an hana ta shiga gasa, ita ma ta ɗauka ba ta iya ba.

Saboda haka, yara, ran gwaji ku ci abinci, ku sha ruwa, ku yi iyakar ƙoƙarinku, gama wanda ya rage gudu da gangan ya sa littafin malam ya yi ƙarya. Wanda ba shi da lafiya ya faɗa, ba abin kunya ba ne. Kada ku yi wa na baya dariya, domin yara ba rana ɗaya su ke girma ba, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Kowa ya riƙe abin da ya samu bana, ya gwama da na baɗi.