Hasumiyar Gaggafa a Ƙasar Wales

’Yan’uwana mata, wannan mako zan ba ku labarin wani gini da na gani a garin Caernarfon, can arewacin ƙasar Wales, a bakin teku.

Sarkin Ingila Edward na Farko shi ya sa aka fara ginin a shekarar 1283, bayan ya ci ƙasar da yaƙi. Ganuwa ce ta dutse zalla, mai hasumiyoyi jere a jikinta. Babbarsu ita ake kira Hasumiyar Gaggafa, saboda siffofin gaggafa da aka sassaƙa aka ɗora a kanta. Yanzu iska da ruwan sama sun cinye su, sai an nuna miki kafin ki gane.

Kusurwarta goma, kaurin bangonta kuwa wajen ƙafa 18. Magina sun bar lungu a cikin bangon kansa, har mutum ya iya zagayawa ba a gan shi ba. Tagogin harbi kuwa tsaga ce ’yar siririya daga waje, amma daga ciki ta buɗe sosai, watau maharbi ya sami wurin jan baka, na waje kuwa ya rasa inda zai auna. Da farko na yi mamakin abin da ya sa hasumiyar ta turo ƙirji waje, ba ta yi daidai da ganuwa ba. Sai da na leƙa ta tsagar na ga gindin bango a shimfiɗe gabana. Ashe duk wanda ya kafa tsani a nan, kibiya za ta same shi a haƙarƙari.

Dabarar ta yi aiki. A 1294, ginin bai ƙare ba, mutanen ƙasar suka tasar masa suka cinna wuta. Amma a 1404 mutum 28 kaɗai suka tsare shi daga mayaƙan Owain Glyndŵr.

Matakalar ita ta ba ni wuya. Murɗaɗɗiya ce, ga duhu, ga sanyi, na tattare zanena ina hawa ina salati. Ban daina tunanin bayin Allah da suka riƙa hawa da ruwa da itacen wuta ba.

Da na sauko na shiga kasuwa sayen burodi. Matan wurin ba Turanci suke yi wa junansu ba, harshensu na Wales suke yi, sai da suka juyo kaina suka sake baki.