TAFIYAR RUWA BA TAFIYAR MOTA BA CE

 Yau ba labarin soyayya na kawo maku ba kamar yadda muka saba, labarin ruwa ne. Mu mutanen Magami da Gusau da Tsafe da Bunguɗu 'ya'yan tudu ne, ruwan da muka sani shi ne gulbin da ke cika da damina, rani na yi a tsallake shi da ƙafa. To amma aure da zumunci da karatu ba inda ba su kai mace, wata rana sai ki wayi gari ga ki a bakin ruwa an ce shigo. Saboda wannan ranar nake wannan rubutu.

A watan Janairun 2025 ne muka kai amarya, 'yar ƙanen mahaifina, wani ƙauye da ke tsallaken ruwa a ƙasar Yawuri ta Jihar Kebbi. Mun bar Magami bayan rana ta fito cikin ayarin motoci saboda halin da hanyar take ciki, muka kwana a Gusau. Washegari muka bi ta Bunguɗu da Maru da Talatar Mafara zuwa Sakkwato, daga nan Tambuwal, Jega, Koko, sai Yelwar Yawuri, inda muka isa jiki duk ya yi laushi.

Ke dai bari 'yar'uwa, gani ya kori ji. Da safe da aka kai mu bakin ruwa sai na tsaya sororo, domin iya ganina ruwa ne shimfiɗe, hazo ya rufe ɗaya gaɓar. Wannan shi ne kogin Kwara da muka karanta a makaranta da sunan Neja, wanda ya taso daga ƙasar Gini, tsawonsa kimanin kilomita 4,180. Yelwa tana kan arewacin tafkin Kainji ne, tafkin da ya samu bayan an kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Ruwan ya cinye tsohon garin Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, aka kuma tashi mutane kimanin 44,000 aka sake masu matsuguni. Abin da ya fi ba ni mamaki, ana tsakiyar hunturu amma ruwa a cike. Wani dattijo mai saƙar koma ya ce mana kogin sau biyu yake kawo ruwa a shekara: akwai na damina mai laka, akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya sauka a Gini tun watanni, sai lokacin sanyi yake isowa.

A TASHAR JIRGI

Tashar jirgi kasuwa ce guda. Ga buhunan albasa an jibge, ga kwandunan busasshen kifi, ga Gungawa da Kambari da Sarkawa masunta kowa na harkarsa, ga 'yan kamasho suna kiran sunayen garuruwa kamar a tashar mota. Daga masauki zuwa nan kabu-kabu ne da keke mai ƙafa uku. Shawarata ta farko, ki yi ciniki ki gama kafin ki hau, ki kuma faɗi ainihin tashar da za ki, domin mashigar ruwa ba ɗaya ba ce. Masu tsallakawa Rofiya ta Jihar Neja, alal misali, ta Zamare suke bi. Kayan ɗaki kuwa masu baro da 'yan dako ne ke saukar da su bakin ruwa. A ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a gaban mutum guda da aka wakilta, a tudu sau ɗaya, a cikin jirgi sau ɗaya.

Kada ki biya kuɗin jirgi a hannun duk wanda ya tare ki. Kowace tasha tana da shugabanninta, akwai Sarkin Ruwa ko shugaban 'yan jirgi, matambayi kuma ba ya ɓata. Ki tambayi jirgin da zai tashi, da lokacin tashinsa, da ko kuɗin kaya daban ne. Sannan ki buɗe ido ki dubi jirgin da kanki. Katako ne dogo, an ɗaura masa inji a baya. In kin ga yaran jirgi suna ta kwarfar ruwa tun ba a tashi ba, ko kin ga bakin jirgin ya kusa shafar ruwa saboda lodi, to wannan ba naki ba ne ko da kyauta ne.

A nan ne muka yi wata 'yar rigima da ba zan manta ba. Haɗa kaya da sallamar dangi suka ja mu har bayan la'asar sakaliya, jirgin da ya rage kuwa an riga an cika shi da buhuna da babura biyu. Abokan ango suka matsa lallai a tafi, wai can an yi girki, makaɗa na jira, kuma abin kunya ne a ce amarya ta ƙara kwana a hanya. Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ita ce uwar tafiya, ta gyara mayafinta ta zauna a kan akwati.

"Gwaggo ki yi haƙuri," in ji babban abokin ango, "tafiyar ba ta da nisa, kullum haka ake yi."

"Yaro, mi kake faɗi?" ta ce. "Ɗiyan mutane goma sha huɗu aka ba ni amana daga Magami. In ruwa ya ci su cikin dare, da wane baki za ni gaya ma uwayensu? Wanga jirgi dai ba mu shiga nai. Tuwo ya huce, a ɗumama shi gobe."

Amarya tana ta kuka cikin lulluɓi, wasu 'yanmata suna zumɓura baki don an ɓata masu kwalliya. Kawu ya goyi bayan Gwaggo, muka koma masauki. Da safe muka samu jirgi wanda ba a cika shi ba, muka tashi ana ganin gari tangaran.

Kada ki ce tsoro ne irin na tsofaffi. Ranar 26 ga Mayun 2021, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, a wannan ruwa dai, waɗanda aka ceto da rai ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, jirgin da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya da za su Maulidi. A watan Yunin 2023 'yan biki ne suna komowa cikin dare a yankin Patigi ta Jihar Kwara, fiye da mutum 100 suka riga mu gidan gaskiya. Mu ma nan gida Zamfara, a Satumbar 2024 jirgin manoma ya kife a Gummi, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu da rahama. In kin bi labaran irin waɗannan haɗurra za ki tarar abubuwa uku ne ke ta maimaituwa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, da rashin rigar kariya. A Kainji kuma akwai ƙarin kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968, waɗanda ko da rana sai matuƙin da ya san hanya ke kauce masu. Shi ya sa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar kariya.

A CIKIN JIRGI

Kafin ki sa ƙafa, ki kama ruwa ki yi alwala tun a tudu, domin jirgin katako ba shi da makewayi. Kada ki cika ciki da maiƙo, kada kuma ki shiga da yunwa; ɗan biredi ko dabino ya isa. Mai saurin tashin zuciya ta riƙe citta ko lemun tsami, ta riƙa duban nesa, ta daina kallon ruwan da ke gudu a gefenta. Ki karanta addu'ar shiga jirgi, tana cikin Suratu Hudu, aya ta 41.

Rigar kariya kuwa, ki nema, ki sa, ki ɗaure igiyoyinta tamau. Na ga 'yanmata suna ƙin sawa wai za ta yamutsa masu leshi, wata ma cewa ta yi tana warin kifi. Haba 'yar'uwa! Leshi ana wanke shi a goge. A sa ta a saman kaya, kada a rungume ta a cinya, kada kuma a mai da ita matashin zama. Dogon hijabi mai jan ƙasa da zani mai nauyi in suka sha ruwa janye mutum suke yi ƙasa, don haka ki zaɓi matsakaicin hijabi da atamfa marar nauyi, ki sa wando a ciki don sutura wajen hawa da sauka. Takalmi mai tsini ya zauna cikin jaka, silifa shi ne na ruwa. Ki kuma tsare bakin gyalenki daga wajen inji.

Inda matuƙi ya ce ki zauna, nan za ki zauna, domin da nauyin mutane yake daidaita jirgi. Ba a miƙewa tsaye, ba a canja wuri, ba a rugawa gefe guda don kallon dorina ko ɗaukar hoto. In igiyar ruwa ta bugi jirgi, a zauna a yi ta salati. Tashi a ruɗe shi ke kifar da jirgi tun kafin ruwa ya kifar da shi. Goyo kuma a kwance shi a riƙe a gaba. Waya da kuɗi da katin shaida a ƙulle su cikin leda biyu a sa a jiki. A lokacin hunturu ki tafi da rigar sanyi, don iskar tsakiyar ruwa har cikin ƙashi take shiga.

IN AN TSAYA A HANYA

Jirginmu ya tsaya a wata kasuwar bakin ruwa don sauke kaya, matuƙi ya ce duk mai son sauka ya sauka, amma da an gama zai tashi. Wallahi wurin ya yi kyau. Ga tarwaɗa da ragon ruwa da giwan ruwa an banda su sun yi jawur, ga ƙananan kifin nan da suke kira warangi ana aunawa a kwano, ga mata suna tuƙa kwale-kwale da filafili tamkar yadda muke riƙe muciya. Mun sayi kifin tsaraba da arahar da ba a samu a Gusau.

Sai dai sauka tana da ƙa'ida. Ki tambayi matuƙi da bakinki minti nawa za a yi, ki dawo tun lokaci bai cika ba. Ki shaida jirginku da kyau, launinsa da rubutun jikinsa, domin a bakin tasha duk kama suke yi. Ku tafi ku biyu ko uku, ku gaya wa babba inda za ku, kada ku yi nisan da ba ku hango jirgi. Wata yarinya daga dangin ango ta bi wani saurayi mai daɗin baki wai zai nuna mata inda kifi ya fi araha, sai da aka tada inji aka ƙirga aka ga babu ita, Kawu ya bi kasuwa yana cigiya. Da ba a ƙirga ba, da a garin da ba ta san kowa ba za ta kwana. Kuma kada ki ɗauki mutane hoto ba izini, kada ki yi wa shigarsu ko harshensu dariya. Baƙuwa ce ke, garinsu ne.

MANYAN JIRAGEN DUNIYA

Wataƙila wata za ta ce ai wannan duk don jirgin katako ne. To ko manyan jiragen yawon shaƙatawa na teku da kuke gani a waya, ƙa'idar ɗaya ce. Akwai wanda ake kira Icon of the Seas da ya fara aiki a Janairun 2024 daga Miyami ta Amurka, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, gari guda ke nan a kan ruwa. A Disambar 2024 ma Saudiyya ta fara nata mai suna AROYA daga Jidda, a Bahar Maliya, tekun da kakanninmu mahajjatan ƙafa suke tsallakawa daga Sawakin ta Sudan. A irin waɗannan jirage sai an nuna wa kowane fasinja yadda ake sa rigar kariya da wurin da zai tsaya in an busa ƙahon haɗari, tun kafin a tashi ko da an tashi nan take. An tsananta wannan doka ne bayan jirgin Costa Concordia ya bugi dutse a gaɓar Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, mutum 32 suka mutu. Kowa yana da kati da ake dubawa in zai sauka da in ya dawo, ƙirgar Gwaggo ke nan da na'ura. Ana sanar da lokacin dawowa, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki ko da na garin ya bambanta. Wanda ya bi yawon da kamfanin jirgi ya shirya, in an makara ana jiransa; wanda ya ɗauki tasi ya tafi gaban kansa ya makara, sai ya bi jirgi tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Kin ga ashe mai kuɗi ma ruwa bai san shi ba.

Don haka 'yar'uwa, in tafiyar ruwa ta kama ki, ko biki ne ko Maulidi ko ziyarar makaranta, ki riƙe waɗannan: a tafi da rana, a sa riga, a ƙi jirgin da ya cika. In kin ga abin da hankalinki bai kwanta da shi ba, ki faɗa wa malama ko babbar da ke tare da ku cikin ladabi, in ta kama ki ƙi shiga, ki ƙi. Kunya ado ce ga 'ya mace, amma ba a kunyar da za ta kai mutum ƙarƙashin ruwa. Ku kuma iyayenmu da malamanmu, don Allah a riƙa tambayar wane jirgi yara za su shiga da ƙarfe nawa za su dawo, kafin a ce a sauka lafiya.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya ba amare da angwaye zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku har kullum, daga Magami.