Lambar haraji a watan da aka kashe layin waya

A watan Satumba na 2021 na samu aikin kula da sito a wata ƙungiyar agaji da ke Anka. Ranar da na kai takarduna, akawu ya duba shaidar makaranta, lambar asusu da BVN, sannan ya sa biro kan wani gurbi da na tsallake.

"Malam, ina TIN ɗinka? Idan babu ita, ba zan sa ka a jerin albashi ba."

Ya yi mini bayani a tsaye. Mai albashi ana yanke masa haraji kafin kuɗin su shiga hannunsa, wurin aiki kuma ya tura wa jihar da ma'aikaci ke zaune kafin 10 ga watan gaba. TIN, wato lambar haraji, ita ce ke nuna cewa abin da aka yanka nawa ne, ba na wani mai irin sunana ba, ga masu irin sunana birjik tsakanin Gummi da Bukkuyum.

A intanet ake neman lambar, mu kuwa a lokacin ko "salamu alaikum" ba ta fita daga waya. Tun farkon watan aka kashe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga, gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka. Dole na nufi Gusau, inda hukumar tara kuɗin shiga ta jiha take. Daga Anka zuwa mararrabar Mayanci ba wanda ya yi hira a motar, kowa idonsa na kan daji. A Gusau ma na'ura ba ta aiki sai da layi, don haka sai cikin Oktoba, bayan an buɗe wa birnin waya, na samu lambar, na kwafe ta a bayan katin auren wani abokina.

Da na je ƙauyenmu a ƙasar Bukkuyum, na nuna wa Baba takardar albashina ta farko, ya daɗe yana kallon layin da aka yanke. Shi harajin da ya sani na mai unguwa ne: a biyo gida-gida, a ba ka rasit, ka adana shi cikin akwatin ƙarfe.

"To wanga, wa ka amsa tai?" ya tambaya.

Na ce gwamnati.

"Kai kam ka huta, guda kaka biya."

A kakar nan ana karo-karo a garin, kowane gida da abin da aka ɗora masa, don a kai wa mutanen daji su bari a girbe gero da dawa. Su ma haraji suke kiransa. Rabon gidanmu daga wannan albashin nawa ya fito, a wannan makon, kuma ƙanena ne ya kai wa mai tarawa a cikin baƙar leda.